Yasin Biyu da Ruwan Zafi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Balkisa, wadda nake kira Uwata saboda sunan mahaifiyata ne a kanta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, kuma tun safe nake jin ki kina jan akwati, ki zuge, ki buɗe, ki sake zugewa. Allah ya kai ki Faransa lafiya ranar Alhamis, ya tsare ki a sama da ƙasa, ya haɗa ki da mutanen kirki a inda ba ki da kowa.

Za ki ce me ya kai Baba rubutu alhali ga ni ga shi. Ke kika jawo. In na buɗe baki kin riga ni kai ƙarshen maganar, kina "na sani, Baba, na sani", ido yana kan waya. Takarda kuwa ba a katse ta. Ba zan yi miki zancen rigar sanyi da cin abinci a kan lokaci ba, mahaifiyarki ta yi shi har ya ishe mu duka. Haushinki nake ji tun ranar Asabar, kuma da na zauna na duba sosai sai na tarar rabin haushin nawa ne.

Kin tuna Asabar ɗin. Nafisa, 'yar Malam Haruna, ta baro rumfar ubanta a Ma'adi, ta hau metro, ta sauka ta hau ƙaramar bas har unguwarmu Ard al-Liwa, duk a nan Alƙahira, don ta yi miki sallama. Tun kuna rarrafe kuke tare. Kuna tsaye a ɗakin aiki ina wanke kwalabe, sai ta ce miki, "Balkisa, don Allah kafin ki tafi ki gaya mini. Nawa zobon da tuffa kwana huɗu yake yi ya koma kalar ƙasa, naki kuma wata guda yana nan ja. Me nake yi ba daidai ba?" Kika gyara tsayuwa kika ce, "Ƙara lemon tsami kawai, khalas." Sannan kika waiwayo kika ƙifta mini ido.

Uwata, wannan ƙifta idon ya hana ni sakat. Na san lemon tsami yana ciki, ba ki yi ƙarya ba. Na kuma san kashi ɗaya ne cikin uku, sauran biyun suna cikin littafin nan naki mai jan bango da kika saya wa ɗan kwaɗo kamar akwatin amarya. Da Nafisa ta tafi sai kika ƙara mini da cewa a babban taron masu sarrafa tuffa da za ki fara halarta kafin ki shiga gonar da za ki yi shekara kina koyon aiki, an ba ki minti goma ki yi bayani, kuma kin shirya surutun da zai cika minti goman ba tare da kin faɗi komai ba. "Nasu zan kwaso, Baba, nawa kuwa ko ƙamshinsa ba za su ji ba." Kika yi dariya kina jiran in yaba. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa, to ke kin gaje ni a inda ban so ba.

Bari in fara daga wautata ta farko, don ki san irin mutumin da kike koyi da shi.

Na zo Alƙahira daga Maradi don karatun addini, kin san wannan. Karatun bai kai inda aka so ba, na koma aiki a shagon wani mai matsa lemo a Dokki. Da na ga hannuna ya faɗa sai na kama ɗaki na fara nawa. Ina sayen tuffar da ta ɗan bugu, wadda masu shago ba sa so, in matsa, in tace, in zuba a kwalba, in kai ofisoshi. Kwana biyu lafiya lau. Kwana na huɗu sai ka ga kumfa ta taru a wuyan kwalba, ka buɗe ta yi huci, wani wari ya bugi hancinka. Ni da na haddace babin abin da ke sa maye, ga shi ina haɗa giya da hannuna a ɗakin da nake salla.

Me na yi? Na tambayi wani? Ina! Kunya ta hana. Ina tsoron a ji a unguwa cewa Isufu ɗalibin ilimi giya yake dafawa. Sai in jira mai gadin gidan ya tafi cin abincin rana, in kwashi kwalabe in tuttular a makwarara, in bi da ruwa da sabulu don kada a ji wari. Bazara guda cur na yi ina wannan aikin banza. Na rame, na zama mai saurin fushi, mahaifiyarki tana amarya a lokacin har ta fara zaton wani abu ne tsakanina da ita. Ruwa ba ya tsami banza, amma ni na gwammace in yi ta zubar da shi da in tambayi dalilin tsaminsa.

Don haka in kin je can abu ya lalace a hannunki, kuma zai lalace, ki ɗauke shi yadda yake ki kai gaban wanda ya fi ki sani ki ce ga abin da na yi. Kada ki tsaya gyara fuska. Na san halinki, tun kina firamare in kin faɗi jarrabawa sai takardar ta ɓace a hanya.

Wadda ta cece ni ita ce Hajiya Sakina, Allah ya jiƙanta. Ba ki san ta ba, ta rasu kina goye. Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta sun taso daga ƙasar Hausa za su Makka suka tsaya a hanya, ita kuma zama ya kawo ta nan. A benenmu take, hawa na biyu, tana yin tsamiya da zobo na sayarwa. Wata rana da hantsi ta tare ni a matakala da bokitin kwalabe a hannuna, ta ce, "Kai yaro, hancina bai mutu ba. Wata uku ke nan makwararar gidan nan tana warin mashaya. Yalla, ɗauko kwalabenka ka biyo ni."

Ban roƙe ta ba, ban ba ta komai ba. Ta ɗora babbar tukunya, ta shimfiɗa tsumma a gindinta, ta jera kwalaben a cike a rufe, an bar wurin yatsa biyu a wuyan kowace. Ta zuba ruwa har kafaɗarsu, ta kunna wuta kaɗan. Ta ce in zuba ido, in na ga ƙananan ƙwayoyin iska sun fara fitowa a gindin tukunya kamar idon kifi, ruwan bai tafasa ba amma yatsa ba ya iya zama a ciki, to a nan za a riƙe wutar. "Daga nan sai ka karanta Yasin ƙafa biyu, ba gaggawa, irin karatun da malaminka zai ji bai ɗaga bulala ba. Ka idar, ka sauke." Na ce, Hajiya, Yasin ɗin ita ke hana shi juyawa? Ta dube ni kamar ta ga jaki da rawani. Ta ce, "Zafin ne ke hana shi juyawa. Yasin agogona ce, ni ba ni da na hannu. Ladan karatun kuma riba ce."

Shi ke nan sirrin da kika tashi kina ganin ina rufe ƙofa a kansa. Na san kin gane shi tun shekararki ta farko a jami'a, har da sunansa na boko, kika yi shiru don kada ki kunyata ni. Na gode da wannan. Amma akwai abin da ba ki sani ba, kuma shi ne dalilin takardar nan.

Da kayana suka daina juyawa sai kasuwa ta buɗe. Kwalbata tana wata biyu a kan teburin ma'aikaci a Mohandessin ba abin da ya same ta. Ni kuma sai na fara rufe ƙofa in zan ɗora tukunya. Maƙwabta suna jin karatu yana tashi daga ciki, sai magana ta bazu cewa Malam Isufu yana da laƙani, tofi yake yi wa kwalabensa. Na ji maganar, ban gyara ba. Gaskiya ma daɗi ta yi mini, har na ƙara ɗaga murya.

Malam Haruna, baban Nafisa, tare muka zo ƙasar nan, mota ɗaya ta kai mu filin jirgi. Ranar da aka haife ki shi ya yi ta zirga-zirgar asibiti, shi ya riƙe ƙafar ragon sunanki. Ganin na samu sai shi ma ya fara tuffa, ya faɗa ramin da na faɗa. Shi bai yi irin wautata ba, ya zo ya tambaya. Bayan la'asar ce, muna zaune a kan akwatunan kwalabe a ƙofar ɗakin aiki, ya ce, "Isufu, nawa juyawa yake yi. An ce kana da abin da kake karantawa. Don zumuncin da ke tsakaninmu ka ba ni."

Na lissafa a raina ofisoshin da zai iya ƙwace mini. Sannan na ce, "Yasin ce, ƙafa biyu, ba gaggawa."

Ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Abin da nake karantawa ke nan."

Kin gani? Ban yi ƙarya ba, kamar yadda ba ki yi wa Nafisa ƙarya ba. Ya tambayi abin da nake karantawa, na gaya masa abin da nake karantawa. Tukunya da wuta da idon kifi na bar su a cikina. Ya kama hannuna da hannu biyu yana godiya, yana sa wa iyayena albarka.

Haruna mutum ne mai gaskiya, abin da aka ce masa shi yake yi. Ya riƙa jera kwalabensa masu sanyi a gabansa, ya yi alwala, ya karanta musu Yasin biyu, ya ɗaure murfi tam, ya ajiye. Lokacin tsakiyar zafi ne, irin zafin Alƙahira da kwalta ke kama takalmi. Abin da ke cikin kwalba ya yi ta aikinsa, iska tana taruwa ba ta da mafita. Wata rana da azahar ya sunkuya zai ɗauki akwati, ɗaya ta fashe a fuskarsa. Idon hagun da kika tashi kika ga ba ya gani da shi, wanda kuke tambaya kuna yara ana ce muku hatsari ne, to hatsarin ke nan. Shekara goma sha bakwai ke nan, kuma ko mahaifiyarki ban taɓa gaya wa ba.

Na je asibiti da 'ya'yan itace a leda. Na tsaya daga bakin gado ina "ma'alish, sannu, Allah ya sa kaffara ne", ina kallon ƙafafunsa don na kasa kallon fuskar. Da ya warke ya bar tuffa, ya kwashe iyalinsa ya koma wajen Ma'adi yana sayar da zobo a jarka. Ni kuma na ci gaba da rufe ƙofata. Na ce wa kaina ƙaddara ce, kwalba tana fashewa ko'ina. Na karanta gargaɗin da aka yi wa mai ɓoye ilimi tun ina saurayi, na iya kawo shi da Larabci, amma sai na yanke wa kaina fatawa cewa wannan ilimin addini ake nufi, ba na tukunya ba.

Na san abin da za ki ce: "Baba, kalar zobo ce fa, ba wanda zai rasa ido." Haka ne. Ni ma ranar ban ga ido a cikin maganar ba, ofis uku na gani a Mohandessin. Mai ba da rabin amsa ba shi ke zaɓen abin da ragowar rabin zai jawo ba. In ba za ki faɗa ba ki ce ba zan faɗa ba, mutum ya san inda ya tsaya ya nemi wani. Wannan rowa ce, kuma rowa da sauƙi. Abin da na yi, wanda kika fara koya, ya fi rowa muni, domin mutum yana tafiya yana miki godiya.

Yanzu sai zancen taro, tunda shi kike shirin zuwa ki yi musu wayo.

Shekara uku da suka wuce ke kika ja ni zuwa wancan ƙaramin taron na masu yin abin sha da aka yi a wani otal a Mohandessin. Na ƙi, kika nace, na sa babbar rigata na bi ki ina gunaguni. Na tafi da niyya irin taki sak: in saurara, in kwashe, in yi gum. Har na ja miki kunne a cikin tasi cewa in an tambaye ki yadda muke yi ki ce ba ki sani ba.

Mutumin farko da ya hau dandamali, Bature ne mai yin giyar tuffa a ƙasarsu. Na ce a'uzu billahi, na fara neman ƙofa. Sai ya haska hoton gangunansa a bango, ya ce ga waɗanda suka lalace masa shekaru biyu a jere, ga kuskuren da ya yi, ga yadda ya gano. Mutum yana nuna asararsa a bainar jama'a kamar mai nuna hoton 'ya'yansa! Wani daga cikin zauren ya ɗaga hannu ya ce shi ma ya taɓa yin haka, ga abin da ya fisshe shi. Baturen ya zaro alƙalami ya rubuta, ya ce ya gode. Kuma kina fassara mini kin ce kasuwa ɗaya suke sayarwa, abokan hamayya ne. Na ce a raina waɗannan ko dai mahaukata ne, ko akwai abin da suke ɓoyewa a ƙasa.

Amma ina sauraro sai na ga duk abin da yake faɗa a kan yadda ruwan tuffa ke juyawa, me ke sa shi sauri, me ke kashe shi, shi ne abin da na yi bazara guda ina nema ina kuka. Shi yana so ya juya, ni ina so kada ya juya, ilimin kuwa guda ne. Saboda haka ki ji da kyau: can za ki tarar da yawancinsu masu giya ne. Ba ruwanki da kofinsu. In an miƙo ki ce ba kya sha, ki faɗa a sarari ba tare da kame-kame ba, kuma ba tare da kin ɗaure fuska kamar an zagi iyayenki ba. Amma kunnenki ya zauna a wurin. Wanda ya ƙware wajen tayar da abu ya fi kowa sanin abin da ke kwantar da shi.

Sai wata mata 'yar Lubnan ta hau, mai yin ruwan tuffa zalla irin namu. Cikin minti biyu, Uwata, minti biyu, ta faɗi tukunya, ta faɗi tsumma a gindi, ta faɗi wurin da ake bari a wuyan kwalba, ta faɗi zafin ruwa da ma'auninsa, ta ce a riƙe shi kamar minti ashirin. Ta ce duk wanda bai rubuta ba akwai takarda a bakin ƙofa, kyauta, kowa ya ɗauka. Kin tuna kin tambaye ni ko lafiya, na ce zauren ne ya yi zafi? Na'urar sanyi tana aiki har kina rawar ɗari. Abin da na rufe wa ƙofa shekara da shekaru, abin da Haruna ya ba da ido a kansa, ga shi an tara a kan tebur kusa da biskit.

Da aka fita shan shayi na same ta, na ce da ita cikin Larabcina na kasuwa, "Baiwar Allah, ba kya tsoron su ƙwace miki ciniki?" Ta yi dariya, ta kira ni kawu da Larabci, ta ce, "Ya ammu, in maƙwabcina ya sayar da ruwan tuffa mai wari, gobe ba wanda zai sayi nawa, cewa za a yi ruwan tuffa ba shi da kyau. Kuma in kwalbarsa ta fashe a hannun yaron wani, dukanmu za a rufe." Ta tambaye ni yadda nake auna lokaci. Ban san sadda bakina ya suɓuce na ce Yasin biyu ba. Ta tafa hannu, ta kira mutane, ta ce ku zo ku ji wannan. Aka kewaye ni ana tambaya, Baturen nan har da rubutawa. Wani ɗan Maroko ya ce kakarsa da salatin Annabi take auna dahuwar zaitun. A ranar aka koya mini yadda ake khal, wato ruwan tsamin nan na girki, da ɓawon tuffar da nake zubarwa, wanda yanzu shi ne rabin abin da muke sayarwa. Na ba da abu ɗaya ba da niyya ba, na dawo da biyar.

Za ki zaci daga nan na shiryu. Ina fa! Na dawo gida na ninke takardar nan na sa a ƙarƙashin darduma, na ci gaba da rufe ƙofa, don in na buɗe ta sai an tambayi me ya sa na rufe tun farko. Shekara uku ina ɗaga dardumar ina mayarwa. Sai da na ga idonki ya ƙifta ranar Asabar.

Jiya Lahadi da kika ga na fita da hantsi na ce zan je sayen murafe, ƙarya na yi, Ma'adi na tafi. Na sami Haruna a rumfarsa, Nafisa ta tafi kai kaya wata makaranta. Muka gaisa, ya jawo mini kujera. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na faɗa masa duka, tun daga matakalar Hajiya Sakina har zuwa la'asar ɗin nan. Ina magana yana goge kofuna, bai tsaya ba.

Da na gama ya ce, "Na sani, Isufu."

Na ce, tun yaushe?

Ya ce, "Shekara tara. Wata Bamisriya a gidanmu mai dafa 'ya'yan itace da sukari tana sa wa a kwalba, ita ta gaya mini a tsaye, tana shanya. Da ta ce minti ashirin sai na tsaya na auna a raina, na ga Yasin biyu ke nan. Na ce ashe agogo Isufu ya ba ni, ya riƙe tukunyar."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce ya yafe mini idonsa. Sai ya ajiye kofin, ya juyo da mai ganin ya dube ni.

"Idon ba shi ya fi ciwo ba. Da ɗaya ma ana ganin hanya. Kai ka karanta naka ya zauna lafiya, ni na karanta nawa ya fashe mini a fuska. Me kake so in ɗauka? Shekara takwas ina zaton Allah ba ya karɓar karatuna. Ina buɗe Alƙur'ani in zo kan Yasin in tsallake, don kunya. Wannan ka ɗauke mini, Isufu, ba ido ba."

Uwata, na kai shekara sittin, na binne uwa da uba, ban taɓa jin abin da na ji a kan kujerar nan ba. Na yi kuka a gaban masu wucewa. Ya bar ni na yi, bai ce ma'alish ba, kuma ya kyauta da bai ce ba. Can ya ce ya daɗe da yafewa, da bai yafe ba da Nafisa ba ta taka gidanmu ba, jira kawai yake ya ga ko zan zo da ƙafata kafin ɗayanmu ya mutu. Sannan ya buɗe kwalba ya zuba mini ruwan tuffarsa, don ya koma yi tun tuni. Abin haushi, ya fi nawa daɗi. Na tambaye shi me yake sawa, ya faɗa mini nan take, har da yawan citta.

To ga abin da nake so, kuma ba shawara nake ba ki ba. Kafin ranar Alhamis ki cire kwaɗon nan daga littafinki. Ki kira Nafisa, ko ma ki hau metro ki je, ƙafarki ba ta fi tata ba. Ki gaya mata a ruwan sanyi kike jiƙa zobon ba tafasawa kike ba, ki gaya mata kwalba mai duhu kike sawa kina kauce wa rana, ki nuna mata lokacin da ake sa lemon tsamin. Duka ukun. Ki tsaya ta yi a gabanki har ki ga ya fito ja. In ya so ta fi ki kasuwa kafin ki dawo, sai me? Rabonki ba ya shiga jarkar wani.

Minti goman nan kuma ki cika su da gaskiya. Ki faɗi yadda kike yi, ki faɗi sau nawa ya lalace kafin ya yi. In sun tambayi inda gidanku ya samo sana'ar, kada ki ce Babana, ki ce Hajiya Sakina, wata tsohuwa da ba ta da agogo, wadda ta tare wani wawa a matakala ta koya masa don Allah. Ni na karɓa kyauta na sa wa ƙofa sakata. Yau da safe na cire sakatar, tana kan teburin kicin in kina son gani, mahaifiyarki tana ta tambaya ko na haukace.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko da kowa yana kallo. Ki kira mahaifiyarki, ni ba sai kin kira ni ba, zan ji daga bakinta. In kin ɗora tukunya a can za su ba ki na'urar auna zafi da agogo mai ƙara, ki yi amfani da su, sun fi idon kifi daidai. Amma ki karanta Yasin ɗin duk da haka, ƙafa biyu. Ɗaya ki kai ladan ga Hajiya Sakina. Ɗayar ki roƙa wa Malam Haruna, a madadin waɗanda ya yi shekara takwas yana tsallakewa saboda ubanki.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare gabanki da bayanki, ya kiyaye ki daga sharrin mutane, ya kiyaye mutane daga sharrinki. Ya kai ki lafiya, ya dawo mana da ke lafiya, hannunki a buɗe. Na ba Allah ajiyarki, shi ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Isufu